Filin Tambayoyinku: Shirin Iskoki da Sakkwato ta 1983

Wasiƙun wannan mako kusan duk kan abu ɗaya suka zo, wato shirin nan mai dogon zango na iskoki da ake sakawa a YouTube. Ga wanda bai gani ba, labari ne na wata amarya da aka kai wani tsohon gida a cikin garin Sakkwato, kusa da rijiyar da aka daina ɗiba, daga daminar 1983 zuwa bazarar 1984. Masu kallo sun yarda da aljanin ba gardama. Abin da suka ƙi yarda da shi shi ne kuɗin da ke aljihun ango, da fitilar da ke hannun amarya. Suna da gaskiya, domin tsoro ba ya kama mai kallo sai ya fara yarda cewa gidan da yake gani gidan gaske ne. Mun zaɓi tambayoyi takwas, muka amsa tare da masu aikin shirya kayan fim da masu nazarin tarihin gari.

Wani tsohon ma'aikacin banki daga Gawon Nama ya rubuto: A kashi na uku ango ya miƙa wa mai magani takardar naira hamsin mai santsi. Ni dai na san ba mu ƙirga irinta ba a lokacin. Wane kuɗi ya kamata a gani?

Baba, idonka bai yaudare ka ba. Takardar naira 50 ba ta fito ba sai 1991, ita kuwa ta leda mai santsi sai 2009. A 1983 takardun kuɗi biyar ne kawai: kwabo 50, naira 1, naira 5, naira 10, da naira 20. Ta ashirin ɗin ita ce babba, ta fito a 1977 da hoton Janar Murtala Muhammed, shi ya sa ake ce mata Murtala. Tun 1979 naira ɗaya ke ɗauke da Herbert Macaulay, ta biyar Abubakar Tafawa Ɓalewa, ta goma Alvan Ikoku. Tsaba kuwa akwai rabin kwabo, kwabo, kwabo biyar, kwabo goma da kwabo ashirin da biyar. Naira 100 sai 1999, ta 200 sai 2000, ta 500 sai 2001, ta 1,000 sai 2005.

Amma kuskuren da ya fi wannan girma a bakin 'yan wasan yake. Naira ta shigo ne ranar 1 ga Janairu 1973, wato shekara goma kacal kafin labarin, kuma bakin mutane bai saki tsohon lissafi ba. Mai goro sule da sisi zai ce maka, ba kwabo goma da kwabo biyar ba. Dattijo idan zai faɗi sadaki ko kuɗin sa, da fam zai faɗa, fam ɗaya naira biyu, jaka ɗaya kuma fam ɗari, wato naira 200. Mai maganin da za a miƙa wa Murtala guda a wancan lokaci, an yi masa babbar kyauta, kuma ya kamata a ga hakan a fuskarsa.

Akwai kuma abin da marubutan suka bari ya wuce su, kuma ya ba mu takaici. A ƙarshen Afrilu 1984 gwamnatin Janar Buhari ta canza launin takardun naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai tsofaffin banki, aka rufe iyakokin ƙasa har da ta Illela. Wannan ya faɗo daidai cikin watannin labarin. Tsohon da ya binne kuɗinsa cikin tulu a gidan da yake tsoron shiga, ga kwanaki suna ƙarewa, ai wannan kashi guda ne cikakke.

Wata malamar makaranta daga Arkilla ta tambaya: Hotunan da ke bangon ofishin hakimi, da allon da aka rubuta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, sun dace?

Malama, allon bai dace ba. An kafa jami'ar a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, ba ta ɗauki sunan Shehu ba sai 1988. Haka nan direban da ya ce ya fito daga Jihar Zamfara ya yi gaggawa, domin a lokacin Gusau da Argungu da Birnin Kebbi duk Jihar Sakkwato ce. Kebbi ta fita a 1991, Zamfara a 1996.

Hotuna uku ya kamata a gani a bangon ofis a 1983: Shugaba Shehu Shagari, Gwamna Garba Nadama wanda ya hau bayan rasuwar Shehu Kangiwa a 1981, da Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988. Da labarin ya tsallaka daren 31 ga Disamba 1983, sai a sauke biyun farko a rataye na soja, na Sarkin Musulmi ya zauna inda yake. Wannan ɗan canji a bango ya isa ya gaya wa mai kallo an yi juyin mulki ba tare da kowa ya buɗe baki ba. Kuma da yake an yi zaɓe a Agusta 1983, bangon unguwa ba zai rasa fastar jam'iyyar NPN mai hoton gida da masara ba. Taken ƙasa da yara za su rera a makaranta shi ne wanda aka fara a 1978, ba wanda aka dawo da shi a 2024 ba.

Wani bakanike daga Ƙofar Atiku ya aiko da gajeren saƙo: Na ga Keke Napep ya gifta a bayan amarya. Na ga kuma lambar mota mai taswira.

Maigida, mu ma mun gan shi. Keke Napep na bayan shekarar 2000 ne, haka baburan Bajaj Boxer da Jincheng duk ba su zo ba tukuna. Lamba mai kirarin jiha ta shekarun 1990 ce, mai taswirar Najeriya kuwa sai 2011. Abin da ke kan titi a 1983 shi ne Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna tun 1975, da akori-kura 404, da Volkswagen Beetle, da Vespa ta malamai da ma'aikata, da Honda da Suzuki da Yamaha, da keken Raleigh, da jakuna masu mangala. Maganin irin wannan kuskure shi ne a tsayar da mutum biyu a bakin lungu su tare hanya na minti biyu, ko a juya kyamara ta fuskanci bango.

Wata Hajiya daga Mabera ta rubuto doguwar wasiƙa, ga taƙaitawarta: Lokacin da amarya ta faɗi, an kira wani matashi da lasifika da kwalbar man zaitun da habbatus sauda, yana karatu aljani yana amsawa. Ni a ƙuruciyata ban ga haka ba. Sannan 'yar borin da suka nuna ihu kawai take yi da jajayen idanu. Haka abin yake?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi nauyi a cikin duk wasiƙun. Ruƙiyya da ayoyin Alƙur'ani tana da asali a Sunna, ba sabon abu ba ce. Amma siffar da aka nuna, ta matashi mai lasifika da ke tuhumar aljani a gaban jama'a, da shagunan magungunan Musulunci masu jere da kwalabe, ta yaɗu a ƙasar Hausa ne daga tsakiyar shekarun 1990. A 1983 gidan da irin wannan ta faɗa wa, wurin malamin zaure zai fara aikawa. Malam zai yi tofi a ruwa, ko ya yi rubutun sha: allon itace, alƙalamin kara, tawadar da aka haɗa da baƙin tukunya ko gawayi da ƙaro. A rubuta, a wanke a ƙwarya, mara lafiya ta sha ta shafe jiki. A ƙara da laya da aka ɗinke cikin fata, da hayaƙin da ake zubawa a kasko a lulluɓe ta da zane. Aikin a natse ake yinsa, ba hayaniya, kuma a fim natsuwar nan ta fi ihu tayar da tsigar jiki.

Idan abin ya ƙi, a nan ne wata gwaggo za ta raɗa wa uwar amarya a gwada masu bori, galibi a ɓoye wa maigida. A Sakkwato ɓoyewar tana da dalili. Malaman jihadi sun yi hani da bori, kuma Nana Asma'u 'yar Shehu ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajjaji, wato malamai mata masu zagayawa, ke kai wa matan ƙauye karatu, wanda ya janye mata da yawa daga wannan hanya. Shirin da ya nuna ana kiɗan bori a tsakar gidan malami da rana tsaka, kowa yana kallo, bai fahimci garin ba.

Ita kuma 'yar borin, an rage ta ta koma dodo. Ba muna kiran kowa zuwa bori ba, amma wanda zai nuna abu ya nuna shi yadda yake. Bori yana da tsari. Ana kiɗa da garaya ko goge da ƙwarya, kowace iska da takenta da kirarinta da tufafinta. Wanda iska ta hau ana kiransa doki, mace kuma goɗiya. Malam Alhaji da fararen kaya yake zuwa, a tsufe, yana tari yana jan tasbaha. Kuturu yana dunƙule yatsu yana korar ƙuda. Ɗan Galadima da taƙamar ɗan sarki da kyauta. Sarkin Rafi shi ne mai tsalle yana faɗuwa da ƙarfi. Inna, wadda ake ce wa Doguwa, ita ake dangantawa da shanyewar jiki. Idan iska za ta sauka, atishawa ake yi. Girka kuma, wato shigar da mutum bori, kwanaki take ɗauka a killace, ba zama ɗaya ba ne. 'Yar wasan da ta koyi tafiyar iska ɗaya da kyau ba ta buƙatar a jajanta mata ido da kwamfuta.

Abin da suka yi daidai, kuma sun cancanci yabo, shi ne lokuta da wurare: tsakar rana, magariba, gindin tsamiya, juji, kangon gida, da tsohuwar da ke hana zubar da ruwan zafi ba bisimilla. Muna kuma roƙon su ba da ko minti ɗaya ga ma'aikacin asibiti a cikin labarin, domin farfaɗiya da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa an sha ɗaukarsu a matsayin iska, har yau kuma ana yi.

Wani ɗalibi daga Runjin Sambo ya koka: Daren shirin ya cika haske, kamar filin ƙwallo. Wani wurin kuma duhu ne ba ka ganin komai. Me ya sa?

Ɗan'uwa, matsala ɗaya ce ta haifi biyun: ba su tsayar da inda hasken ke fitowa ba. A cikin gari a 1983 akwai wutar NEPA, amma ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa ne guda ɗaya a zaure ko tsakar gida, wani wurin doguwar fitila fara. Ɗakunan ciki da yawa fitilar ƙwai ce mai lagwani da kananzir, ko aci-bal-bal. Haskenta da kyar yake wuce taku uku, bayan nan duhu ne. Tocila kuwa mai ƙwai ce da manyan batura biyu ko uku, haskenta rawaya ne, yana dusashewa idan batir ya yi sanyi har sai an bubbuga ta a tafin hannu. Farar tocilar caji da amarya ta riƙe a bakin rijiya ta zo ne bayan shekara ashirin da wani abu, kuma ita ta kashe wannan fitowar, domin ta haske har ƙarshen lungu ba ta bar wa ido abin da zai ji tsoro ba.

Ga yadda ake yi. Fitilar ƙwai ita kaɗai ba ta isar kyamara, don haka ana ɓoye ƙaramar fitilar lantarki a bayanta, a gefen da kyamara ba ta gani, a saita launinta tsakanin 2,200 zuwa 2,700 a ma'aunin launin haske na Kelvin, kyamara kuma a ajiye ta a 3,200. A buɗe idon kyamara zuwa f/2 ko f/1.8. Don farin wata, fitila ɗaya babba ake ɗagawa sama, a haska ta a jikin farin ƙyalle ta dawo a tausashe, a rage ta har ta zama siffar mutum kawai ake gani. Idan aka sa fitilu uku daga kusurwa uku, inuwa uku za ta fito a bango, kuma wata ɗaya ba ya yin inuwa uku. Idan akwai tsohuwar talabijin a fitowar, a ɗauka da hoto 25 a daƙiƙa da saurin rufewa 1/50, saboda wutar Najeriya zagaye 50 take yi a daƙiƙa. Wanda ya bar kyamara a 30 zai ga baƙin layi yana hawa yana sauka a fuskar talabijin. Kada kuma a kunna ta da hantsi a ranar aiki, domin NTA Sakkwato da yamma take buɗewa, ta rufe cikin dare.

Kunne ma yana da haƙƙi. A kashi na biyar ana jin ƙaramin janareta da ƙarar wayar hannu daga nesa, alhali wayar salula ta GSM ta shigo a 2001. Sautin wancan dare shi ne gyare, kwaɗi idan damina ce, kukan jaki, barar almajirai bayan isha'i, da rediyo mai gajeren zango yana kamo Kaduna ko BBC yana shashshaka. A je ƙauye a naɗo waɗannan tsakanin ƙarfe biyu zuwa huɗu na dare, minti uku-uku kowanne, a shimfiɗa su ƙarƙashin magana. Kiɗan fiyano irin na finafinan bidiyo, waɗanda suka fara a Kano a 1990, ba shi da gurbi a nan. Goge ɗaya da sarewa sun isa.

Wata mai kitso daga Minanata ta ce: Amaryar da gashin ido na kanti da zanen lalle baƙi mai fulawa. Kuma duk Kananci suke yi.

'Yar'uwa, kin gama magana. Amaryar 1983 jan lalle ake ƙunsa mata, ƙafa a naɗe da ganye da tsumma, hannu a zura a zunguru. Kwalli, jan baki, hoda, shi ke nan. Atamfa ta masaƙun Kaduna, ɗankwali da gyale ko lulluɓin zane. Dogon hijabi har ƙasa bai zama ruwan dare ba sai daga baya. Ɗakinta kuwa gadon ƙarfe mai rumfa, jeren kwalla da samira da tasoshi har kusa da rufi, ledar ƙasa, akwatin ƙarfe. Kujerar roba, ruwan leda, lemon kwalbar roba da madarar ƙulli ta leda duk a kwashe su. Mai shayi gwangwanin madara yake hudawa, sukari kuma mai ƙwaya.

Harshe kuwa, tsohuwar da aka haifa a bayan Hubbare ba za ta ce "me kake so" ba, "mi kaka so" za ta ce, da "yat tahi", da "wanga gida", da "hura". Ba sai kowa ya yi Sakkwatanci ba, domin gari ne na ma'aikata da baƙi. Amma tsofaffi da 'yan cikin gari dole ne, kuma mafita ita ce a ɗauki 'yan wasan gida, ko a zaunar da Basakkwace a kusa da darakta yana gyara kowane layi kafin a ɗauka.

Wani dattijo daga Tudun Wada ya rubuto: Ku bar yaran nan. Ni shirin ya tuna mani lokacin da duniya ke kwance, abinci da arha, ba fargaba. Har ƙwalla na yi.

Allah ya ƙara girma, Baba. Ƙwallarka shaida ce cewa sun taɓa wani abu na gaske: zaure cike da baƙi, yara suna cin tuwo a gidan maƙwabta, tafiyar dare zuwa Gusau ba tare da zullumin hanya ba. Ba mu musa ko ɗaya. Sai dai Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma shirin ya wanke shekarar fiye da kima. A 1983 annobar shanu ta karkashe garkunan Fulani a Arewa. Ruwan sama ya yi ƙaranci a 1983 da 1984, hatsi ya yi tsada. An yi dogayen layuka don sayen madara da sukari da sabulu da shinkafa, kuma daga Maris 1984 dokar yaƙi da rashin ɗa'a ta sa soja suna tsare layin da bulala. Ƙyanda tana ɗaukar yara. Kurkunu ya kwantar da manoma a tsakiyar damina, har ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 ta samu sama da mutum 650,000 a ƙasar, ba a tabbatar da kawar da shi ba sai 2013. Gidan da rumbunsa ya yi ƙasa, yaro ya rasu, saniya ta faɗi, shi ne gidan da zai fara zargin rijiya. Da sun sa wannan, da aljanin nasu ya samu ƙasar da zai tsaya a kai.

Wani matashi daga Gidan Igwai ya tambaya: Ina son in shirya nawa, na zamanin da. Daga ina zan fara, kuɗina kaɗan ne?

Ƙanenmu, fara da tsayar da shekara ɗaya da wata ɗaya, kada ka ce "zamanin da" kawai. Sayi littafi ka raba shi gida shida: kuɗi, sutura, abin hawa, kayan ɗaki, haske, magana. Nemi mutum biyar da suka kai shekara goma sha biyar a shekarar da ka zaɓa, aƙalla uku mata, domin su suka san ɗaki da kicin. Kada ka tambaye su yaya zamanin yake, za su ba ka yabo ne kawai. Tambaye su me aka kai ɗakinsu, nawa ne kuɗin mota zuwa Wurno, da me ake kunna wuta. Roƙi hotunan biki da na situdiyo ka ɗauka da waya. Je Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a nan Sakkwato, idan kuma ka samu hali ka duba tsofaffin jaridun Gaskiya Ta Fi Kwabo da New Nigerian a Arewa House da ke Kaduna, musamman shafukan talla, domin a nan ake ganin kaya da farashinsu.

Wurin ɗauka, nemi gidan ƙasa mai zaure da azara, sannan ka zagaya shi da kyamara kafin ranar aiki kana neman abu biyar: dish, farantin sola, baƙin tankin ruwa, kwanon rufi mai launi, da dogon ƙarfen sabis na waya. Wanda ba ya ciruwa a rufe shi da zana ko a kauce masa. Sababbin tufafi a wanke su sau biyar ko shida, a shanya a rana kwana uku, farare a jiƙa su rabin sa'a a ruwan shayi mai ƙarfi don su daina ƙyalli. Kayan jere aro ake yi wurin tsofaffi, a rubuta kowane kwano da sunan mai shi, a mayar a ranar da aka yi alkawari. Tsohon kuɗi ma aro ya fi, idan kuwa za ka buga, fuska ɗaya kawai. Sannan ka ware mutum ɗaya wanda ba shi da wani aiki sai duba hannu da ƙafa da aljihun kowa kafin a ce a ɗauka: agogo, tabarau, takalmin roba na yayi, da shatin waya a aljihun riga. Da kuɗi kaɗan, rubuta labarin da kashi biyu cikin uku nasa zai gudana a cikin gida ɗaya da dare, ka bar kasuwa da tasha sai ka samu mai ɗaukar nauyi.

Masu son aiko da tambaya kan shirye-shiryen da aka gina a shekarun 1970, mako mai zuwa za mu duba su, har da batun komawar tuƙi daga hagu zuwa dama a Afrilu 1972.